Hayaƙin Tauraro da Maganar Yayen Sa'a

Zuwa ga Malam, uban 'ya'yana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa da ladabi da biyayya, irin wadda na saba yi maka da safe in na kawo ruwan wanka. A makaranta an koya mana cewa bayan gaisuwa sai a tambayi lafiyar wanda ake rubuta wa. To ban san yadda ake tambayar lafiyar wanda ke kwance cikin ƙasa ba. Sai dai in ce ina fata makwanci ya yi maka faɗi, ya yi maka sanyi. In ka tambayi tamu, muna nan. Ba zan ce lafiya lau ba, don ban saba yi maka ƙarya ba kana da rai.

Ni ce Rabi. Ina rubuto maka daga Batsari, gidan Baba, ɗakin nan na kusa da turken akuya, inda na koma tun da na fita takaba. Sa'a tana barci a kan cinyata, shi ya sa rubutun ya karkace. Ka bar ta tana jaririya, ko zama ba ta fara ba. Yanzu tana tafiya, tana korar kaji, ta wuce shekara biyu. Saboda ita na ɗauki alƙalami. In sabon wata ya kama za a kai ta yaye ƙauyen Zakka, wurin Innarka, kuma ni da kai mun san ɗan da aka kai yaye gidan kakarsa bayan uba ya rasu ba dawowa yake yi ba. Ita kaɗai ta rage a hannuna.

Bari in fara da takardar tsire, don ita ce ta tsaya mani a rai kwanakin nan.

Ka tuna wata ranar kasuwa da damina, ka yini kana zaga rugage kana yi wa shanu allura, ka dawo da la'asar kekenka duk laka? Ka biya wurin Ɗan'azumi mahauci ka sayo mana tsire. Shi Ɗan'azumi tsofaffin mujallun Turawa yake sarowa daga Katsina, ya riƙa yagewa yana ƙunshe nama. Na kwance ƙunshin, na juye naman a faranti, na ɗaga takardar zan jefa a murhu, sai ka kama hannuna. Ka ce, “Tsaya, Rabi, kada ki ƙona mana sama.”

Mai ya jiƙe ta har ana hango yatsa ta baya. Ka kai ta bakin ƙofa ka ɗaga ta saitin rana, sai abin da ke jiki ya kama haske kamar an kunna fitila a bayansa. Wani abu ne kamar gajimare a cikin baƙin duhu. Gefensa zare-zare ne jajaye, irin jijiyoyin da ke jikin tantanin rago in an feɗe, tsakiyarsa kuwa kamar ruwan bula da aka tsoma farin zane. Ga ƙuli da yaji sun manne a kusurwa ɗaya. Yara suka bar tsiren suka zo suna ɗage, kowa yana cewa a ba shi ya riƙe.

Ka bi rubutun Turancin da ke ƙasa da yatsa, bakinka yana motsi, sannan ka juya mani shi da Hausa. Ka ce wannan a dā tauraro ne, babba, wanda ranarmu ba ta kama ƙafarsa ba. Ya yi ta ci da wuta har abin da yake ci ya ƙare, sai ya fashe gaba ɗaya. Ka ce mutanen dā na ƙasar Sin sun ga fashewar da idonsu, har da rana ana ganinsa, daga baya ya dushe. Abin da ke cikin hoton shi ne abin da ya bari. Hayaƙi ne, amma ba irin na itace ba, iska ce mai zafi da ƙura, tana ta haske shekaru ɗaruruwa bayan mai ita ya tafi.

Na ce ko irin wanda ake jifan shaiɗanu da shi ne. Ka ce a'a, wannan bai faɗo ba, bai kuma yi laifin komai ba, ƙarewa kawai ya yi. Na ce to wa ya hau ya gano? Ka ce da madubin hangen nesa ne, wanda ya fi ɗakinmu girma. Na ce lallai Turawa ba su da aikin yi. Ni da abin da na fi tunawa a makaranta shi ne ranar samun 'yancin kai da aka raba mana tuta da kofi, ina ni ina wannan? Sai ka ce da Baba bai cire ni a aji biyar ba, da yanzu ina can tare da su ina leƙen sama, kai kuma ka huta da tuwo mai gudaji. Na jefe ka da marfin kwano. Tuwona bai taɓa gudaji ba, ka sani, har gobe ina kan bakana.

Da dariya ta lafa ka ci gaba da karatu, muryarka ta sauka. Ka ce hayaƙin ba tsaye yake ba, ko da yake a hoto kamar tsaye yake. Buɗewa yake yi, kowane zare yana gudu daga tsakiya, yana nisa da ɗan'uwansa, ba ya hutawa. Wata rana zai yi faɗi, ya yi shara-shara, har ya saje da duhu, wanda ya dubi wurin ba zai san an taɓa yin tauraro a nan ba. Amma ka ce a can tsakiya, ba a daɗe da ganowa ba, akwai wani ɗan guntu da ya rage daga jikin tauraron, ƙarami, yana juyi yana bugawa kamar zuciya, kuma shi ke ba hayaƙin haske.

Washegari da asuba, sama ta wanke bayan ruwa, kafin ka fita masallaci ka kira ni tsakar gida ka nuna mani taurarin nan, Kaza da 'ya'yanta a gabas. Ka sauke yatsa ƙasa da su kaɗan, ka ce wajen nan yake. Na duba har wuyana ya gaji ban ga komai ba. Ka ce ido ba ya gani, amma yana nan. Na koma na hura wuta. Takardar kuwa na ninke ta na sa a ƙasan akwati, ba don komai ba sai don launinta ya yi mani kyau.

Bazarar da ta biyo bayan haihuwar Sa'a sanƙarau ya shigo gari. Da safe ka ce kanka yana ciwo, ka ɗaure shi da rawani ka hau keke. Da azahar aka dawo da kai a amalanke, wuyanka ya sandare. Ba ka bar mani wasiyya ba, ba ka ma gane ni ba. Ina kiranka kana kallon azara. Kafin a sami motar da za ta kai ka Katsina, an gama.

Da na fita takaba aka zauna a zauren Baba aka yi rabo. Ba gado nake nufi ba, gadon ai keke ne da rediyo da 'yan littattafai. Yara aka raba. Babban, mai sunan mahaifinka, yayanka ya ɗauke shi, ya ce shanu suna buƙatar ƙafa. Hajo aka ba ƙanwarka Dije ta Yasore, da Allah bai ba ta haihuwa ba. Ina bayan ƙofa ina ji. Ba a tambaye ni ba, ni ma ban sa ran a tambaye ni ba. Haka aka yi wa Baba da nasa uban ya rasu, haka ake yi wa kowa. Da aka zo kan Sa'a, Inna ta ce wannan tata ce, amma a bar ta ta sha nono tukuna, in an yaye a kawo.

Daga nan yayanka ya yi kudu da shanu saboda fari, can bayan Birnin Gwari. Ban sake ganin yaron ba sai da babbar sallar da ta wuce, da suka zo ganin gida. Ya yi tsawo, ya yi baƙi, sanda a kafaɗa. Ka san ba na yi mashi magana, ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Na zauna ina tsince wake ina kallonsa ta gefen ido. Baba ya miƙa mashi littafinsa na aji biyu da ya bari, wanda kai ka zauna da shi a kan tabarma kana ja mashi baƙi. Ya karɓa ya riƙe shi a juye, yana murmushi. Hausa ma ta fara yi mashi nauyi, sai Fillanci. Baba ya tambaye shi ko yana tuna ka. Ya ce yana tuna keke.

A ranar nan Dije ma ta kawo Hajo. Ta durƙusa ta gaishe ni da kyau, kitsonta sabo, Dije ta iya riƙo, ba zan ci amanarta ba. Amma da ta faɗi ta kurje gwiwa, ta wuce ni a guje tana kiran Inna, ta faɗa jikin Dije. Ni Yaya Rabi take ce mani. Ita da yayanta suka haɗu a tsakar gidan nan, suka tsaya suna kallon juna kamar yaran da aka haɗa a motar haya. Su da suke kwana a tabarma ɗaya, ƙafarta a wuyansa, kana tashi kana gyara masu mayafi.

Da suka tafi na buɗe akwati na zazzage shi neman takardar nan. Na tarar kiyashi sun bi man sun cinye ta, sai gefe-gefe da rubutun Turanci da ba na iya karantawa. Ban yi kuka a kanta ba. Ina ganinta in na rufe ido, ina kuma ganinta in na buɗe.

Malam, kai ne ka fashe, mu ne hayaƙin. Ban da ilimin da zan ƙawata maganar, haka take. Zare ɗaya ya yi kudu, zare ɗaya ya yi Yasore, kullum sai ƙara nisa. Har yanzu akwai ɗan haske, ban ce babu ba. In na shiga kasuwa nakan ji an ce ga matar malamin allura. Matan ruga masu tallan nono sukan ƙara mani ludayi ɗaya, su ce saboda kai, don ka ceci garken wane shekarar da cuta ta shigo. Amma bara masu ƙarawar sun fi na bana yawa. An kawo wani malamin allura mai babur, yara suna bin sa da gudu. Ban ji haushinsa ba. Ina dai kallo muna sajewa da duhu, ni ce a tsakiya, ba ni da hannun da zai kamo kowa.

Na tuna ka ce daga irin wannan ƙurar ake sake yin wasu taurarin. A ranar, cewa na yi Allah mai iko. Yanzu mata suna faɗa mani irin wannan maganar da nasu bakin: yara za su girma su kafa nasu gidajen, ni ma da sauran ƙuruciyata, in yi wani auren in haifi wasu. Ban ce ƙarya suke yi ba. Amma ni ba sababbin taurari nake nema ba, Malam. Wanda ka bari nake so ya tsaya wuri ɗaya, ko na ɗan lokaci, har yaran nan su san su 'yan ɗaki ɗaya ne.

Na daɗe ina zaton ni ce ɗan guntun nan na tsakiya mai bugawa. Ranar sallar na gane ba ni ba ce. Suna tsaye suna kallon juna, sai Sa'a ta fito daga ɗaki tana tangaɗi, ba wando, da goshinka, da yadda kake karkata kai in ana maka magana. Ta nufi sandar yayanta ta kama. Ya sunkuya ya ɗauke ta ya aza a wuya, ta damƙi gashinsa, ya yi dariya, kuma a dariyar nan na ji tsohuwar muryarsa. Hajo ta taso ta ce ita za ta goya, ai ƙanwarta ce. Suka yi ta ja-in-ja, har ta kai mashi duka, ya rama. Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗan yara kamar na ranar ba. Saboda ita suka tuna juna. Inda take nan za su riƙa taruwa. In ta koma Zakka can za a riƙa kai su, ni kuma in zama matar da ake biyowa a gaisar in an shigo kasuwa.

Don haka ban yaye ta ba. Lokacin da ake yaye ɗiya mace ya zo ya wuce, na yi kamar ban san lissafi ba. Inna ta aiko, na ce tana zawo, a bari ta warke. Ta sake aikowa, na ce zafi ya yi yawa. Maƙwabciyarmu Asabe takan leƙo ta katanga ta ce, “Rabi, wai sai an kawo lefenta za ki cire ta? Yarinya da haƙoran shan rake!” In yi dariya, in ƙara janyo ta.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne nonon ya kafe. Ruwa ya ɗauke mana damina bayan damina, gero ya bushe a tsaye. A rediyo ana ta maganar arzikin mai, manyan motoci suna wucewa da siminti, mu kuwa layin jar dawar agaji muke bi. Na sha kunun kanwa har ya fita raina. Na ci zogale, na sha jiƙon saiwar da Asabe ta samo mani wai don ƙarfin jiki. Ya yi ta ja da baya, ya koma ɗigo, ɗigon ma ya tsaya. Sa'a ta riga kowa sani. Takan kama, ta ja, ta saki, ta ɗago ta dube ni. Sai na koma ina ba ta tuwo a ɓoye a ƙuryar ɗaki, in kuwa na ji sallama in janyo ta in rufa mata zane kamar tana sha. Mata maɗaci suke shafawa don yaro ya saki. Ni ruwan mazarƙwaila nake shafawa don ta kama.

Ranar kasuwar da ta wuce Inna ta zo da kanta, yayanka ya rako ta. Ya zauna a zaure shi da Baba, ita ta shigo. Ta rame, Malam. Idonta ya faɗa. Ta zo da sabon zanen goyo da ƙwaryar kindirmo. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi zafi, ta tambayi haƙuri, na amsa kaina a ƙasa. Sannan ta ce in ba yarinyar ta sha ta gani.

Na ba ta. Ta lashe zaƙin ta saki, ta sulale daga cinyata ta nufi ƙwaryar da Inna ta ajiye. Ta tura kai ciki da hannu biyu, ta yi ta sha har yana bin wuyanta, ba ta ɗago ba sai da numfashi ya ƙare mata. Inna tana kallo. Ta matso kusa da ni, ta sa yatsu ta matsa yadda take tatsar saniya. Matar da tun tana yarinya take tatsa, ni ce zan ruɗe ta? Babu ko ɗigo. Yatsunta suka yi danƙo, ta kai baki ta ɗanɗana. Ta daɗe tana kallona. Na jira faɗa, na jira ta ɗaga murya maza su ji.

Ta miƙe ta je bakin zaure, na ji ta ce wa mazan, “Da sauran ruwa. A bari sai wata ya kama.” Ta dawo ta ninke zanen goyon ta ajiye mani a kan gado, ta ce a hankali, “Na yi ƙarya ɗaya saboda ke, Rabi, Allah Ya yafe mani. Ba ni da ta biyu. Ni ma nawa ɗan ne a ƙasa, ɗakina ba motsin kowa.”

Da mugunta ta zo mani da ita, da abin ya zo da sauƙi. Da na sami wanda zan ƙi. To wa zan ƙi? Tsohuwar da ta haife ka, take son ta ji ɗumin jininka a bayanta kafin ta bi ka? Ga kuma yadda yarinyar nan ta sha kindirmon. Ƙafafunta sirara ne, cikinta ya turo. A Zakka akwai 'yan shanun da suka tsira, ana tatsa safe da yamma. Na san inda cikinta zai cika, kuma ba nan ba ne. Wannan shi ya fi komai ci na. In na riƙe ta ina cutarta, in na sake ta na ƙare.

Na bi kowace hanya a raina. Ungozomar asibiti ta ce in je wurin alƙali, shari'a ta ba uwa riƙon ɗiya matuƙar ba ta yi aure ba. In kai Inna ƙara? In tsaya a gaban mutane in yi jayayya da wadda ta goya ka? Ko na ci, ranar ce za a rufe mani ƙofar sauran biyun. Baba kuma ya fara cewa zaman mace irina ba aure ba mutunci ba ne, akwai wani mai shagon siminti da ya yi mashi magana. Mutumin kirki ne, in ji su. Amma ranar da aka ɗaura, ranar ce ko shari'ar ma za ta ce in miƙa Sa'a. Na yi tunanin in goya ta in hau mota in ɓace a Kano. Wa na sani a Kano? Me zan ba ta? Duk inda na juya, hanyar Zakka take ɓullewa.

Na yi salla na roƙa. Na roƙi Allah Ya dawo mani da ruwan nono ko na wata ɗaya. Har na kai ina roƙon kada watan ya kama, astagfirullah, kamar ni ce zan tsayar da sama. Wani lokaci da asuba in na fito alwala nakan dubi wajen da ka nuna mani, in ce da kai, ka dubi abin da ka bari, ka faɗa mani yadda ake riƙe hayaƙi. Ba ka amsawa. Na san ba ka amsawa.

To ga abin da na yanke, kai ne farkon ji.

Jiya na wanke jikina da sabulu, na ba Asabe sauran mazarƙwailar. Na zaunar da Sa'a a tsakar gida, a fili, na ba ta tuwo kowa yana gani. Na dafa ɗan wake na raba sadaka. Na yaye ta da kaina. Ba zan sa uwarka ta sake tsayawa a gaban maza ta faɗi abin da ba haka ba, ba kuma zan ƙara sa ɗiyarka tsotson wofi ba. Ta nema sau ɗaya da rana, na ce babu, ta dube ni ta koma wasanta. Ni ce na shiga ɗaki na toshe baki da zane.

Saura roƙo ɗaya, kuma ba ni da bakin yinsa. Ba zan iya ɗaga ido in dubi yayanka ba, balle in buɗe baki in nemi abu. Amma kai mijina ne, ba wanda zai hana ni yi maka magana. Shi ya sa zan ba malamin makarantar unguwarmu wannan takarda ya aika jarida. Na san ranar kasuwa ana karanta jarida da ƙarfi a rumfar tela, inda yayanka ke zama in ya shigo gari, kuma yana nan gida sai kaka zai koma kudu. In ta kai kunnensa, ban yi mashi rashin kunya ba. Da kai nake.

Ni ma a ɗauke ni riƙo, Malam. A ba Inna ni tare da Sa'a.

Na san ba a saba ba. Matar da ta fita takaba ba ta komawa gidan surukai ta zauna ba miji. Za a ce na zubar da girman Baba, za a ce wani abu nake nema. Ba aure nake nema a gidanku ba, ba gado ba, ba saniya ba. Zan yi daka, in ɗebo ruwa, in share turke. Zan koyi tatsa ko da shanun za su yi ta shurina, ni 'yar gari da kake wa dariya ina gudun ɗan maraƙi. Zan ɗauki ƙwarya in kai kasuwa in kawo wa Inna cinikinta. Sa'a ta kwana a bayan Inna, ta ci a kwanonta, ta kira ta Inna, na yarda. Ni a ba ni bukkar gefe, inda zan ji in ta yi tari. In yayanta ya dawo daga kudu ya same ni a gindin murhu, ko ban ce mashi komai ba. In an kawo Hajo in ga tsawon da ta ƙara.

Baba bai sani ba tukuna. Zai ji zafi, zai ce na kunyata shi a cikin kasuwa, zan durƙusa in ba shi haƙuri. Na riga na ɗaure 'yan kayana. In wata ya kama ba sai an aiko ba, ni zan goya ta in kai ta da ƙafata. In aka ce in shigo, alhamdu lillahi. In kuwa aka karɓe ta daga bayana aka ce in koma, ban san abin da zan yi ba. Wallahi ban sani ba. Ina jin zama zan yi a gindin danga har a gaji da ganina.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka yafe mashi, Ka haskaka mashi makwanci, Ka sa ya huta daga wahalar da ya sha a kan dabbobin mutane. Ka raya abin da ya bari cikin imani da lafiya. Ka ba Inna tsawon rai, Ka yafe mata ƙaryar da ta yi don ni, Ka aza mani nauyinta. Ka sanyaya zuciyar Baba. Ka tausasa zuciyar wanda maganar ke hannunsa, ya ce a buɗe mani ƙofa. Amin, ya Rabbal alamina.

Ka huta lafiya, Malam. Ka yafe mani fitar da maganar gida waje, ban ga wata hanya ba.

Ni ce matarka,
Rabi, uwar Hajo da Sa'a da yayansu.